Laima a Cikin Gida, da Gwargwadon Injin da Ke Tsotse Ta

Kowace shekara, idan marka ta kafu a watan Agusta, akwai wata baƙuwa da ke shiga gidajen Kumbotso da Kura da Bunkure ba tare da sallama ba. Magidanci ya ɗauko babbar rigarsa daga cikin adaka, ya tarar tana wani irin wari, ga ɗigo-ɗigon baƙi a wuyanta. Uwargida ta ɗaga katifa, ta ga tabarmar da ke ƙarƙashi ta yi kore. Gishiri ya jiƙe a cikin gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, ƙyaure ya kumbura har sai an sa kafaɗa kafin ya rufu. Malamin zaure kuwa ya kwance gafakarsa, ya iske takardun da ya gada daga mahaifinsa sun manne da juna, in ya ja ɗaya sai rubutun ya bi ɗayar. Wannan baƙuwa ita ce laima.

A zamanin nan akwai wani inji na lantarki wanda aikinsa shi ne tsotse laima daga iskar ɗaki, ya tara ta a mazubi ta zama ruwa, a ɗauka a zubar. Akan same shi a kantunan kayan wuta na manyan birane, wani ƙarami ne, wani babba, kowane da lambarsa a jikin kwali: lita 10, lita 12, lita 20, lita 30, har sama da haka. Mai saye yakan tsaya yana dubansu bai san wanda zai ɗauka ba. Mai kanti ya nuna masa babba, aljihu ya nuna masa ƙarami, alhali babu ɗayansu da ya taɓa ganin ɗakin da za a kai injin. To, amsar tana can cikin ɗakin, kuma ana iya samunta da gwaji mai sauƙi da ɗan lissafi, tun kafin a fid da ko kwabo.

Dalilin da ya sa laima ta yi wa wannan yanki yawa

Ƙasar Kano ƙasa ce mai bushewa a mafi yawan shekara. Da hunturu laimar iska takan sauka har ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. Amma daga Yuli zuwa Satumba iskar da ke tasowa daga teku ta kudu takan rufe ƙasar, laima ta hau zuwa wajen kashi 80 cikin 100, da asuba ma ta fi haka. Wannan ya game ko'ina a ƙasar Hausa. Abin da ya bambanta kudancin birnin Kano shi ne ruwan da ke ƙarƙashin ƙafa.

Kumbotso na kusa da kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. Gaba da nan, ta hanyar Zariya da ta Rano, nan ne filayen noman rani na Kura da Garun Malam da Bunkure. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974. Daga nan ruwa ke gangarowa da kansa ta babbar hanya, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har gonaki. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke lura da shi. Albarkar wannan aiki a fili take: shinkafar Kura, tumatirin Kadawa, alkama, albasa da masara, rani da damina.

Sai dai ƙasar da ake zuba wa ruwa wata goma sha biyu ba ta samun sararin bushewa. Ruwan da ya tsiyaye daga hanyoyi da gonaki yakan sauka ƙasa, ruwan ƙarƙashi ya yi ta hawa, musamman inda magudanan fid da ruwa suka cushe da ciyawa da laka. Tsofaffi sun san haka daga rijiyoyinsu, gama akwai wuraren da igiyar guga ta gajarta ƙwarai bisa ga yadda aka san ta a da. A unguwannin Kumbotso kuma, da birni ya faɗaɗa, an yi gine-gine a fadamu da bakin kududdufai waɗanda mutanen da suka bar wa ruwa. Saboda haka gida a wannan yanki yana fama da laima ta sama da ta ƙasa gaba ɗaya.

Kada a ɗauka ɓarnar ta tsaya ga tufafi da takardu. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan laima da hunhuna a cikin gidaje, inda ta bayyana cewa mazauna gida mai laima sun fi kamuwa da tari, da shessheƙa, da cututtukan numfashi, kuma ciwon mai fuka yakan tsananta. Hunhuna tana samun ƙarfi ne idan laimar ɗaki ta daɗe sama da kashi 70 cikin 100. Abin da ake so a ɗakin zama shi ne ta tsaya tsakanin 40 da 60.

Ƙofofi uku da laima ke shigowa

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Haka ɗaki ba ya laima banza, lalle akwai ƙofar da ta shigo, kuma ƙofofin uku ne.

Ta farko daga sama take: soron da ya tsage, indararon da ya toshe ko ya gajarta har ruwa ke bin jikin bango, kwanon da ƙusa ta saki. Alamarta tabo ne a rufi ko a saman bango, wanda ke ƙaruwa bayan kowane ruwa.

Ta biyu daga ƙasa take. Bango yakan sha ruwa daga harsashinsa kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Alamarta wani zane ne mai duhu a gindin bango, wanda galibi bai cika wuce mita ɗaya daga ƙasa ba, sa'an nan ga wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, fenti yana ɓaɓɓakewa, yaɓe yana zuba. Farin garin nan gishirin ƙasa ne da ruwa ya ɗauko, da ruwan ya bushe ya bar shi a fuskar bango.

Ta uku ita ce iskar kanta: wadda ke shigowa daga waje da damina, da numfashin mutane da guminsu, da tururin girki, da wankin da aka shanya a ɗaka saboda hadari.

Injin tsotse laima maganin ƙofa ta uku ne kaɗai. Wanda ya kunna shi a ɗakin da ke yoyo, ko wanda bangonsa ke shan ruwa daga ƙasa, ya zama mai ɗiban ruwa da kwando. Har ma yana iya ƙara ɓarna, domin iyakar yadda iskar ɗaki ta bushe, iyakar yadda bango zai ƙara jawo ruwa daga ƙasa, gishirin ya ƙara taruwa yana cin yaɓe.

Akwai gwajin da zai rarrabe ƙofa ta biyu da ta uku, kuma ba ya buƙatar komai sai leda da salatif. A yanko farar leda mai kamar kamu ɗaya ta kowane gefe, a manna ta a jikin bango ko a kan daɓe, a liƙe gefunanta huɗu sosai yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan aka ɗaga aka ga raɓa a ƙarƙashinta, ko wurin ya yi duhu, to ruwan daga bango ko daɓe yake fitowa, magini za a nema. Idan kuwa ƙarƙashin a bushe yake amma ɗakin na ta laima, to daga iska take, nan ne inji ke da amfani.

Maginan Kano na da sun san wannan mas'ala. Sukan ɗaga daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, su sa indararo mai tsawo ya jefa ruwa nesa da bango, su shafe soro da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, su kuma yi amfani da makuba ta ɓawon ɗorawa. Kafin damina ta faɗi kowane gida yakan yi yaɓe. Ginin ƙasa yana shan laima ya kuma sake ta idan iska ta bushe. Amma idan aka lulluɓe shi da siminti ciki da waje, ruwan da ya hau daga ƙasa ba ya samun mafita, sai ya tsaya a ciki yana narkar da tubali a ɓoye, har wata rana bango ya zauna. Mai ginin bulo kuwa, rigakafinsa shi ne a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kan harsashi da ƙarƙashin daɓe tun ana gini, domin bayan an gama, gyaran yana da wuya da tsada.

Yadda injin ke aiki

Kowa ya taɓa ganin kwalbar da aka ɗauko daga firji tana gumi. Ruwan nan daga iska yake, domin iska mai ɗumi tana ɗaukar tururi mai yawa, da zarar ta taɓa abu mai sanyi sai ta kasa riƙe shi, ta sauke shi ya zama raɓa. A kan wannan hikima aka gina injin. Fanka tana jawo iskar ɗaki ta bi ta kan wasu bututai masu sanyi, ruwa ya ɗiga a mazubi, sa'an nan iskar ta bi ta kan wasu bututai masu zafi ta fito a bushe. Don haka injin ba ya sanyaya ɗaki, yana ma ɗan ƙara masa ɗumi. Wanda ya saye shi don neman sanyi zai yi da-na-sani.

Abin sha'awa, takarda ce sanadin ƙirƙiro wannan sana'a. A 1902 wani injiniya Ba'amurke, Willis Carrier, ya tsara na'ura domin wata maɗaba'a a Brooklyn ta birnin New York, saboda laimar bazara tana sa takarda ta kumbura ta kuma tsuke, launukan da ake bugawa su ƙi hawa daidai kan juna. Daga wannan na'ura aka samu iyakwandishan da aka sani a yau. Shi ya sa mai iyakwandishan a ɗakinsa sau da yawa ba ya buƙatar wani inji dabam, gama ruwan da ke ɗiga daga bututunta a bayan gida laimar ɗakin ce take fita.

Injin iri biyu ne. Akwai mai kwamfiresa irin ta firji, shi ne wanda aka bayyana, kuma ya fi aiki inda ake zafi. Akwai kuma wanda ke da wani faifai mai shan laima a ciki, ana gasa faifan da wuta ya saki ruwan. Wannan na biyun an yi shi domin ƙasashen sanyi irin su Ingila, ya fi cin wuta, ya fi dumama ɗaki. Mutumin Kano mai kwamfiresa ya dace da shi.

Lissafin girman injin

Farkon abin da za a saya shi ne ma'aunin laima, wani ɗan ƙaramin abu mai batir da bai fi tafin hannu ba, kuɗinsa kuwa kaɗan ne ƙwarai bisa ga na inji. A ajiye shi a ɗakin mako guda, nesa da taga, ana rubuta abin da ya nuna safe da maraice. Idan lambar ba ta cika wuce 60 ba, babu buƙatar inji. Idan tana tsakanin 60 da 70, buɗe tagogi da rana tsaka da janye kaya daga jikin bango yakan wadatar. Idan ta zauna sama da 70 kwana da kwanaki, to an kai ga maganar inji. Wanda ke shakkar ma'auninsa ya zuba gishirin miya a murfin kwalba, ya ɗiga masa ruwa kaɗan ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ya rufe su tare da ma'aunin cikin roba mai murfi daga dare zuwa safe. Ma'auni mai gaskiya zai nuna kusan 75.

Sa'an nan a auna ɗakin: tsawonsa, da faɗinsa, da tsayinsa daga daɓe zuwa rufi, a ninka su. Alal misali ɗaki mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, mita 3 tsayi, ya ba da 48. Ma'anar wannan lamba ita ce, a ƙaddara wani akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, to ɗakin yana cin irin wannan akwati 48 na iska.

Idan zafi ya kai digiri 30, iyakar tururin da akwati ɗaya na iska zai iya ɗauka wajen giram 30 ne. Iska mai laima kashi 80 tana ɗauke da giram 24 ke nan, mai kashi 60 kuwa giram 18. Bambancin giram 6 ne. A ninka 6 da 48, ya zama giram 288, watau ƙasa da sulusin lita. Ashe duk ruwan da za a cire daga iskar ɗakin nan don ta koma daidai bai cika moɗa ɗaya ba.

To me ya sa ake buƙatar inji mai lita goma ko ashirin? Domin iskar ɗaki ba ta zama wuri ɗaya. Ko an rufe ƙofa da taga, tana shiga tana fita ta ƙarƙashin ƙyaure, da tsakanin gilasai, da kafofin rufi. Idan aka ƙaddara iskar ɗakin tana sauyawa duka sau ɗaya a kowace sa'a, sai a ninka giram 288 da sa'o'i 24, ya zama kusan lita 7 a yini da kwana. A ƙara da abin da mutane ke fitarwa: mai barci yana sakin wajen giram 40 a sa'a ta numfashi da fata, watau mutum biyu a dare guda sun haura rabin lita, almajirai goma kuwa sun haura lita 3. Ɗakin misalin nan, da mutum biyu a ciki, buƙatarsa ta kai lita 7 da rabi zuwa 8.

A nan ne masu saye da yawa ke ruɗuwa. Lambar da ke jikin kwali ita ce abin da injin zai tara cikin sa'o'i 24 cur, kuma galibi an gwada shi ne a zafin digiri 30 da laima kashi 80. Idan ɗaki ya fara bushewa, laima ta sauka zuwa 60, abin da injin ke samu yakan ragu zuwa kusan rabi ko ɗan sama da haka. Saboda haka ƙa'ida mai sauƙi ita ce a ninka buƙatar ɗaki biyu. Ɗakin da ke buƙatar lita 8 yana son inji mai lamba 16.

Yanzu a dubi abin da ɗan gyara zai yi. Idan aka toshe ƙarƙashin ƙofa, aka gyara gilasan taga, aka yi silin, har sauyawar iska ta ragu zuwa rabi, lita 7 ta koma 3 da rabi, jimla wajen lita 4, inji mai lamba 10 ya isa har da saura. Kuɗin kafinta na yini ɗaya ya rage girman injin kusan da rabi, ya kuma rage kuɗin wuta na kowace damina. In kuwa aka bar taga a buɗe ana kunna inji, to an sa shi ya busar da sararin Kano ne, babu injin da zai iya.

A taƙaice, ga ɗakin kwana ko ɗakin ajiya da bai wuce mita 4 da 5 ba, mai rufuwa da kyau, lita 10 zuwa 12. Ga falo ko ciki da falo, lita 16 zuwa 20. Ga sito babba ko ɗakin karatu mai faɗi, lita 25 zuwa 30, ko injuna biyu matsakaita a kusurwa dabam-dabam. A hau mataki ɗaya idan rufin yana da tsayi irin na daurin guga, ko mutane suna da yawa, ko ana shanya a ciki, ko ginin sabo ne siminti bai gama bushewa ba. Gidan Bahaushe kuma ɗakuna ne masu buɗewa zuwa tsakar gida, don haka inji ɗaya ba zai yi wa gida duka aiki ba, ɗaki ɗaki ake lissafi.

Inji da ya yi ƙanƙanta zai yi ta gudu dare da rana bai kai ga biyan buƙata ba, ya ci wuta ya kuma gaji da wuri. Wanda ya yi girma fiye da kima kuɗinsa ya fi yawa, ƙararsa ta fi yawa, kuma ƙarfin da yake ja lokacin tashi yana iya fin ƙarfin ƙaramin janareta ko na'urar sola. Idan lissafi ya faɗa tsakanin lamba biyu, ɗaukar ta sama ya fi, amma mataki ɗaya kawai. Daidai ruwa daidai tsaki.

Abubuwan dubawa a gaban mai kanti

Na ɗaya, kada a rikita lambar aiki da girman mazubi. Inji mai lita 20 sau da yawa mazubinsa bai wuce lita 3 ko 4 ba, in ya cika sai injin ya tsaya da kansa har a zubar. Wanda ba ya yini a gida ya nemi mai kafar da ake jona tiyo, ruwan ya riƙa fita waje, amma a kai bakin tiyon nesa da gindin bango. Ruwan nan ba na sha ba ne, domin ya bi ta kan ƙura da ƙarafa, ya dai yi ban ruwan shuka ko wanke daɓe.

Na biyu, a nemi mai ma'auni a jikinsa, wanda za a saita a 55 ko 60, ya riƙa kashe kansa in an kai. A kuma tambaya ko yana tashi da kansa idan wuta ta dawo.

Na uku, wuta. Ƙaramin inji yana cin wajen wat 200, mai lita 20 kuwa tsakanin 300 da 400. Inji mai wat 250 da ya yi sa'o'i 8 ya ci yunit 2, a wata yunit 60. Kowa ya ninka da kuɗin yunit na unguwarsu ya ga ko zai iya. A tuna kuma lambar kwali ta sa'o'i 24 ce. Unguwar da ke samun wuta sa'o'i 8 kawai, injin zai yi sulusin aikinsa ne. Sayen wanda ya ninka girma uku ba dabara ba ce. Abin yi shi ne a tattara kayan da ake jin tsoron lalacewarsu a ƙaramin ɗaki ɗaya mai rufuwa, a sa injin a nan.

Na huɗu, kayan gwanjo. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, injin da aka ƙera don Amurka kuwa bolt 120 yake so, in aka jona shi kai tsaye zai ƙone. Lambarsa ma da wani awo ake rubuta ta mai suna fayint, wanda bai kai rabin lita ba, don haka 50 a can wajen lita 24 ce. Daga 2019 kuma Amurka ta sauya yanayin gwaji zuwa mai sanyi, har injin da a da ake rubuta masa 70 ya koma 50, alhali injin bai canza ba. Bugu da ƙari, a 2013 an janye injunan tsotse laima fiye da miliyan 2 daga kasuwannin Amurka saboda wasu suna kama wuta. Tsohon injin da ba a san asalinsa ba, kada a bar shi a kunne a kulle gida a fita. Araha ba ta ado.

Idan an kawo inji gida, a bar shi a tsaye wasu sa'o'i kafin a kunna, kamar yadda ake yi wa firji. A ajiye shi da ɗan rata daga bango, a riƙa wanke ragar da ke tare ƙura, domin ƙurar Kano tana toshe ta da sauri. Kuma kada don ana son rufe ɗaki a shigo da gawayi mai ci ko janareta, gama hayaƙinsu yana kisa cikin barci. Ɗakin da mutane da yawa ke kwana, kamar na almajirai, shan iska ya fi musu amfani a kan inji, ba a toshe shi.

Shinkafa da littattafai

Manomin Kura na iya cewa, tun da injin na shanye ruwa, bari a sa shi a sito ya busar da shanshera. Lissafi ya hana. Shanshera ba ta ajiyuwa sai laimarta ta sauka zuwa kashi 14 cikin 100. Buhu mai kilo 100 da aka ɗure da laima kashi 20 sai ya zubar da lita 7 na ruwa kafin ya kai 14. Buhu 20 ke nan lita 140. Injin da ke cire lita 10 a yini zai yi mako biyu a kai, ko da wuta ba ta ɗauke ba, kafin nan tsakiyar buhunan ta yi zafi ta yi hunhuna. Rana da tamfol su ne masu busar da hatsi. Aikin inji a sito shi ne tsare abin da ya riga ya bushe, bayan an ɗora buhuna a kan katako an bar rata tsakaninsu da bango.

Littattafai kuwa sun fi komai tsoron laima, musamman rubutun hannu. Tawadar gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, ƙaro kuma yana laushi in ya ji laima, shi ya sa warƙa ke manne wa warƙa. Da yawa daga tsofaffin takardun da ke gidajen malamai, masu alamar jinjirin wata uku a jikinsu, daga Italiya aka kawo su ta hanyar Tarabulus da hamada. Sun tsira daga wannan doguwar tafiya, sun yi shekara ɗari ko fiye, amma damina biyu a kan daɓe mai laima ta isa ta gama da su. Ga wanda ba shi da wuta, akwai dabara mai sauƙi: akwatin ƙarfe mai murfi da ke kamawa, a ɗora shi a kan bulo ko benci, nesa da bango, a sa masa ƙunshin fararen ƙwayoyin nan masu shan laima irin waɗanda ake samu a cikin kwalin takalma da na magani. Ana sayar da su da awo, kuma in sun ƙoshi ana ɗumama su a hankali su koma aiki. A jefa ma'aunin laima a cikin akwatin a riƙa dubawa. Kada a ɗaure littafi a leda da damina, domin laimar da ke jikinsa za a kulle tare da shi. Wanda ya riga ya jiƙe, a buɗe shi a inuwa inda iska ke bi, ban da rana, kuma ba a fizgar takardun da suka manne.

Daga ƙarshe, a sani cewa aikin injin nan a ƙasar Kano na wata uku ne, ko huɗu in damina ta yi tsawo. Da zarar iskar kaka ta juyo a watan Oktoba, ma'auni ya sauka ƙasa da 50, sai a zubar da ruwan mazubi, a wanke raga, a rufe shi da zane a ajiye. Bushewa mai tsanani ma tana da tata ɓarnar, tana fasa fatar gafaka da tadarishi, tana sa takarda ta yi ƙarau. Kuma lokacin da injin ke hutawa shi ne lokacin kiran magini, a hau soro a duba tsaga, a ƙara wa indararo tsawo, a cike gindin bango da ƙasa yadda ruwa zai gangara waje, unguwa kuma ta taru ta yashe magudanarta tun kafin hadarin farko ya haɗo.